Yadda Tushen Gurɓatar Iska Ya Riƙa Sauyawa a Birtaniya

Tambaya: Malam, na karanta cewa Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe mai samar da wutar lantarki da kwal, amma kuma ina jin har yanzu mutanen Landan na kuka da gurɓatar iska, har ana karɓar kuɗi daga masu tsofaffin motoci kafin su shiga gari. Idan kwal ne ya ɓata musu iska tun asali, me ke ɓata ta yanzu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam, abin da ka karanta gaskiya ne, domin tashar Ratcliffe-on-Soar ta daina aiki ranar 30 ga Satumba, 2024, kuma kukan mutanen Landan ma yana da tushe. Iskar ƙasar ta fi tsabta nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da ta shekaru 70 da suka wuce, sai dai duk lokacin da aka shawo kan babban mai laifi, wanda yake biye da shi ne ke fitowa fili, kuma yawanci shi ya fi wuyar kamawa.

A farkon al'amari matsalar ta kwal ce, kuma ba a masana'antu kaɗai ba. Kusan kowane gida a Landan yana da murhun ɗumama ɗaki da ake zuba wa kwal, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwal mai kyau waje ake sayar da shi, talakawa kuwa suna ƙona mai araha wanda ke cike da farar wuta. Daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, aka yi sanyi mai tsanani, iska ta tsaya cak, sannan iska mai ɗumi ta rufe mai sanyi daga sama, don haka hayaƙin gidaje da na tashoshin lantarki ya rasa hanyar fita. Wanda ya san ranar da hazon hunturu ya yi kauri har jirgi ya kasa sauka a Kano zai iya kwatanta duhun, amma wannan hazo baƙin hayaƙi ne mai ƙona maƙogwaro da huhu. Ƙiyasin farko ya nuna mutum kusan 4,000 suka mutu, binciken da aka yi daga baya kuma ya kai adadin zuwa wajen 12,000.

Wannan masifa ce ta haifar da dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon keɓe unguwannin da aka hana fitar da hayaƙi, tare da tallafa wa magidanta su canza murhunsu. An ƙarfafa dokar a 1968. A ganina bai kamata a ba doka yabon duka ba, domin sa'a ma ta taimaka: an gano iskar gas a Tekun Arewa a 1965, kuma tsakanin 1967 da 1977 aka bi gida-gida ana gyara na'urorin girki da na ɗumama ɗaki domin su yi aiki da ita. Mutane sun bar kwal ne saboda an ba su abin da ya fi shi sauƙi da tsabta, ba don tsoron hukuma kaɗai ba.

Daga nan tushen ya koma manyan tashoshin lantarki. An fitar da su daga cikin birane, aka gina musu dogayen bututun hayaƙi domin iska ta kwashe abin da suke fitarwa. Birane sun sami sauƙi, amma iskar salfa dayokzaid, wadda ke fitowa daga farar wutar da ke cikin kwal, ta haye teku ta sauka a Norwe da Suwidin cikin ruwan sama mai asid, kifaye suka riƙa mutuwa a tafkunansu. Wannan ya sa aka sanya hannu a Janiba a 1979 kan yarjejeniyar hana gurɓatar iska mai tsallaka iyaka. Sannu a hankali aka sanya wa wasu tashoshi na'urorin tace hayaƙi, aka gina sababbi masu aiki da gas a shekarun 1990, har ya zama salfa dayokzaid da ƙasar ke fitarwa ya ragu da kusan kashi 98 cikin 100 daga 1970 zuwa yau.

Yayin da hayaƙin kwal ke ja da baya, motoci suna ta ƙaruwa, kuma a nan ne labarin ya fi ɗaukar hankali. Da farko damuwar ita ce dalmar da ake zubawa a man fetur, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara, irin illar da aka gani a ƙauyukan Zamfara a 2010 ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Birtaniya ta hana sayar da fetur mai dalma a shekarar 2000, kuma tun 1993 sababbin motocin fetur suka fara zuwa da na'urar tace hayaƙi a jikin salansa. Sai kuma gwamnati ta ɗauki wani mataki da kyakkyawar niyya wanda ya zo da akasi. A 2001 ta ɗora harajin mota bisa yawan iskar kabon dayokzaid mai ɗumama duniya, kuma tun da injin dizal ba ya fitar da ita kamar na fetur, jama'a suka raja'a kan motocin dizal har suka kai kusan rabin sababbin motocin da ake saye. Abin da ba a ba muhimmanci ba shi ne dizal ya fi fitar da naitirojin dayokzaid, iskar da ido ba ya gani amma tana tayar da ciwon asma. A Satumban 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sanya wa motoci kusan miliyan 11 a duniya wata manhaja mai rage hayaƙi lokacin gwaji kawai. A wannan shekarar ce Kotun Ƙolin Birtaniya ta umarci gwamnati ta fito da sabon shiri, saboda birane da dama sun zarce iyakar naitirojin dayokzaid da ya kamata a cimma tun 2010. A Disamban 2020 kuma wani mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukunci cewa gurɓatar iska na cikin abubuwan da suka kashe wata yarinya 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da babban titi a kudancin Landan, wadda ta rasu a 2013.

Kuɗin da ka ji ana karɓa ya samo asali daga wannan matsala. An fara shi a tsakiyar Landan a Afrilun 2019, aka faɗaɗa shi zuwa dukan birnin a Agustan 2023, kuma mai motar da ba ta cika sharaɗin hayaƙi ba yana biyan fam 12.50 a kowace ranar da ya hau titi.

A yau masana sun fi damuwa da ƙananan ƙwayoyin ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda saboda ƙanƙantarsu suke kutsawa can cikin huhu har su shafi jini da zuciya. Tushensu a warwatse yake. Murhun itace ya dawo gidajen masu hali a matsayin ado da jin daɗi, har ƙona itace da kwal a gida ya fi salansar motoci fitar da irin wannan ƙura, abin da ya sa aka fara taƙaita sayar da ɗanyen itace da kwal na gida a Ingila daga Mayun 2021. A kan titi kuma, gogar taya da birki da kwalta yanzu ta fi salansa samar da ƙura, kuma motar lantarki ba ta kuɓuta daga gogar taya ba. Sai noma, wanda kusan kashi tara cikin goma na iskar amoniya daga gare shi take fitowa, wato daga kashin dabbobi da takin zamani. Amoniya kan haɗu da hayaƙin motoci a sararin sama su zama ƙura, iska ta kai ta birni, kuma ita ce ta fi jinkirin raguwa a cikin manyan masu gurɓata iska. Wani kason kuma daga nahiyar Turai yake zuwa, wani lokaci ma ƙurar Sahara kan kai can.

Ka lura da bambanci tsakanin yawa da kaso idan kana karanta irin waɗannan alƙaluma. Idan aka ce noma ko murhun gida ya zama babban tushe, sau da yawa ma'anar ita ce sauran sun ragu sun bar shi a gaba. Haka kuma ma'aunin da ake auna tsabtar iska da shi ya ƙara tsauri, domin a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar PM2.5 daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, kuma yawancin biranen Birtaniya ba su kai ga wannan ba tukuna. Ya kamata kuma a tuna cewa wani ɓangare na hayaƙin ƙaura ya yi tare da masana'antun da suka koma ƙasashen Asiya, inda ake ƙera kayan da Birtaniya ke saye a yanzu.