Anti, wai da gaske mace ɗaya ce ta rubuta littafi sama da 700?

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki ya iyali. Wancan satin muna gyaran ɗakin Mamanmu na ci karo da wasu tsofaffin littattafan soyayya na Turanci a ƙasan adaka, tun na zamanin tana 'yar sakandare, duk da sunan Barbara Cartland a jiki. Yayana da ke karatu a Samaru ya ce wai matar nan ta rubuta sama da 700, na ce masa ya dai faɗa ne. Don Allah wace ce ita? Ni ma ina ɗan taɓa rubutu amma shekara biyu kenan labari ɗaya ya ƙi ƙarewa.
Ƙanwarki daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. To sai ki je ki ba Yaya haƙuri, don gaskiyarsa ce, littafi 723 ta rubuta, kuma da ta rasu an tarar da wasu 160 a ajiye ba a buga ba. 'Yar Ingila ce, an haife ta a Birmingham a 1901, ta rasu a watan Mayun 2000 tana da shekara 98. Da aikin jarida ta fara, tana rubuta gulmar manyan Landan a Daily Express.

Yadda ta yi yawan nan kuwa, ba ita ke riƙe biro ba. Kishingiɗa take yi a doguwar kujera tana zubo labari da baki, sakatariya na gefe tana rubutawa, a haka akwai shekarar da ta gama littafi 23, ki lissafa ki gani, kusan duk sati biyu littafi guda kenan, har sai da ta shiga kundin Guinness.

Amma fa in gaya miki gaskiya, in kin karanta uku kin karanta duka. Yarinya ce kamila wadda ba ta san namiji ba, ga wani basarake mai dukiya da ɗaurin fuska, a zamanin keken doki, a sha 'yar wahala, a ƙarshe a ɗaura aure. Shi kenan. Ni kaina a na biyar na ajiye. Sai dai wannan kamun kan ne ya sa iyayenmu suka iya karanta su ba tare da ɓoyewa ƙarƙashin filo ba, kuma duk wadda ta saba da littattafan soyayyarmu na kasuwar Kano ba za ta ji baƙunta ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne rayuwarta ba ta yi kama da labaran ba ko kaɗan. Mahaifinta ya mutu a yaƙin duniya na farko a 1918, ƙannenta maza biyu Ronald da Anthony suka mutu a na biyu a 1940, kwana ɗaya tsakani, Ronald ɗin ma ɗan majalisa ne. Aurenta na fari da Alexander McCorquodale ya mutu a 1933 bayan tonon silili a kotu, ta zo ta auri wani danginsa mai suna Hugh a 1936. Mace ta ga wannan duka amma ta riƙa ƙare labaranta da farin ciki, kullum cikin kaya ruwan hoda da kwalliya caɓa-caɓa. 'Yarta Raine ce ta auri baban Gimbiya Diana a 1976, kin ga Diana ta zama 'yar mijin 'yarta kenan. A 1991 Sarauniya ta ba ta lambar girmamawa ta Dame.

Batun naki labarin, ba ki da sakatariya amma ai kina da waya. Ki kunna rikoda bayan isha'i ki faɗi babi ɗaya kamar kina ba ƙawarki labari, washegari ki zauna ki kwafe, gyara ya biyo baya. Littattafan Mama kuma ki killace su, kar in ji an yi ƙunshin ƙosai da su.