Hukuncin Shiga Wankan Ruwan Zafi na Japan Tare da Abokai

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a birnin Fukuoka na ƙasar Japan. Mun shirya da abokaina uku, biyu 'yan Japan, ɗaya Musulmi ɗan Indonesiya, in an yi hutu za mu je Beppu mu kwana biyu. Gari ne a gindin duwatsu masu aman wuta, ruwan zafi na ɓuɓɓugowa ta ko'ina, har ta magudanun titi tururi ke fita. Abin da ke kai mutane can shi ne wankan da suke kira onsen. To Malam, dokar wurin ita ce a tuɓe tik, ba a shiga ko da gajeren wando, sai ɗan tawul wanda ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Maza daban, mata daban. Abokaina sun ce a wurinsu wannan ba batsa ba ce, ba mai kallon wani, kuma abota ba ta ƙulluwa sosai sai an yi wankan tare. Ya halatta in shiga? Sannan ruwan yana warin farar wuta, wani ma fari ne kamar nono, ko zan iya alwala da wankan janaba da shi? Yaya kuma zan yi da salla da abinci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka. Na ji daɗi da ka yi tambaya tun kafin ka sayi tikiti, don da yawa sai sun dawo suke tambaya.

Tafiyar kanta halas ce. Allah ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, kuma wanda ya tsaya a bakin tafkin da suke kira Umi Jigoku ya ga ruwa shuɗi shar kamar ka tsoma hannu, alhali zafinsa ya kai digiri 98, ko ya ga Chinoike mai ja kamar jini, to ya ga aya daga cikin ayoyin Ubangiji. Kalmar jigoku ma a harshensu wuta take nufi, wato gidan azaba. Suna ne kawai da suka raɗa wa waɗannan tafkuna, faɗinsa ba ya cutar da imaninka, sai dai ma ya tuna maka neman tsari daga ta gaskiyar. Abota da wanda ba Musulmi ba, wanda bai yaƙe ka a kan addininka ba, ita ma babu laifi, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana kyautata musu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne tuɓewar nan, kuma a nan amsata ba ta da kwana-kwana: bai halatta ka shiga wankan jama'a tsirara ba, ko da duk waɗanda ke ciki maza ne. Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce. Lokacin da Musulmi suka buɗe Sham sun tarar da gidajen wankan Rumawa, waɗanda Larabawa ke kira hammam, malamai kuma suka yi magana a kai tun a wancan zamani. An ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya shiga hammam sai da gyauto. Tirmizi da Nasa'i sun fitar da shi. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa namiji ba ya kallon al'aurar namiji, mace ba ta kallon al'aurar mace. Ko a Risala da muke karantawa a zaure, Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara cewa namiji ba ya shiga hammam sai da gyauto. Al'aurar namiji a gaban maza daga cibiya ne zuwa gwiwa. Malamai sun yi saɓani a kan cinya, wasu sun sassauta, amma gaba da baya babu wanda ya yi saɓani a kansu. Ɗan tawul ɗin da ka ambata kuwa, wanda mutum ke karewa da shi daga ɗakin tuɓe kaya zuwa bakin ruwa sannan ya naɗe shi ya ɗora a ka, ba ya tsayawa a matsayin gyauto.

Maganar abokanka cewa ba batsa ba ce, na gaskata su. Al'adarsu ce tun kaka da kakanni, har suna da kalma gare ta, hadaka no tsukiai, wato zumuncin tsiraici: sukan ce in an tuɓe babu shugaba babu yaron gida, kowa ya zama ɗaya. Ban ce mutanen banza ne ba, kai ma kada ka raina su. Sai dai Shari'a ba ta rataya suturce al'aura a kan sha'awa ba, balle a ce in babu sha'awa hukuncin ya faɗi. Mu'awiya bin Haida ya tambayi Annabi (SAW), to idan mutum shi kaɗai ne fa? Sai ya ce masa Allah ne ya fi cancanta a ji kunyarsa a kan mutane. Al'ada tana aiki ne a inda nassi ya yi shiru, nan kuwa bai yi shiru ba. Lalura ma babu. Likita na iya ganin al'aurar majinyaci don magani, amma shaƙatawa da faranta wa aboki ba su kai wannan matsayi ba.

Kada kuma ka ce bari ka yi musu wayo, ka faki idon mai gadi ka shige da wando. Gidansu ne, dokarsu ce, a ganinsu tufa da tawul na ɓata ruwan da kowa ke shiga. Ka shigo ƙasarsu da amana, Musulmi kuwa yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Ko da ma ka sami wurin da ke barin a sa rigar wanka, in sauran jama'a tsirara suke kewaye da kai, ka rufe taka ne kawai, ta mutane na gabanka, kuma runtse ido na rabin awa a ɗaki cike da mutane abu ne da bakin mutum ke faɗa amma ido ba ya iyawa. Wuraren da maza da mata ke cakuɗa, ko da kayan ninkaya ne, ka nisance su.

To shi ke nan an hana ka ruwan? A'a. Ruwan ni'imar Allah ne, kuma su kansu Japanawa sun tanadi hanyoyi. Akwai abin da suke kira kashikiri ko kazoku-buro, ɗakin wanka da ake haya na kamar awa ɗaya, ka shiga ka kulle ƙofarka. Beppu na da irinsu da yawa, wasu masaukan ma kowane ɗaki da kwamin wankansa. Ka shiga kai kaɗai, ko ku shiga da ɗan'uwanka ɗan Indonesiya kowa da wando mai rufe cibiya zuwa gwiwa, in masu wurin sun yarda. Akwai ashiyu, wurin tsoma ƙafa kawai, inda za ku zauna ku huɗu a jere a kan benci, kowa ya naɗe ƙafar wandonsa, ruwan ɗumi na gudana a kan ƙwaurinku kuna hira. Wannan ma zumunci ne, ba wanda ya tuɓe. Akwai kuma wankan yashi, inda ake sa wa mutum riga mai suna yukata a binne shi cikin yashi mai ɗumi zuwa wuya, sai dai ka tambaya tukuna, don bayan an fito akan je ɗauraye jiki, wani wurin kuma ɗakin ɗaurayar na jama'a ne. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari da wandonsa ya san daɗin ruwan ɗumi ba sai da tsiraici ba. Na Japan dai ya fi zafi nesa, na Wikki digiri 31 ne, nasu na wanka yakan kai 40 zuwa 42.

Ka gaya wa abokanka tun yanzu, cikin raha, kada sai kun isa bakin labule mai launin shuɗi na ɓangaren maza ka fara inda-inda. Ka ce addinina ya hana ni, ku shiga ku fito, mu haɗu a wurin cin abinci.

Batun tsarkin ruwan yana da sauƙi. Ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza saboda ƙasar da yake zaune a kanta ko yake ratsawa, kamar gishiri, kanwa, taɓo ko farar wuta, yana nan a matsayin ruwa mai tsarki mai tsarkakewa. Malamanmu na Malikiyya sun ambaci kibiritu, wato farar wuta, da sunansa a wannan babi. Don haka warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai ba najasa ba ne, alwalarka ta yi, wankanka ya yi, muddin ka yi niyya ka game jiki ka cuɗa. Abin da zai canza hukunci shi ne in mutane ne suka zuba wani abu ya sauya ruwan, kamar lemon yuzu da sukan jefa a wanka lokacin hunturu, ko ganyen shayi, to wannan ruwa mai tsarki ne amma ba a ɗauke hadasi da shi. Wanda aka zuba wa giya kuwa, don akwai masu yin haka, kada ka kusance shi. Shawarata ka yi alwalarka a famfo, tunda dama ƙa'idarsu ce a zauna a kan 'yar kujera a wanke jiki tas kafin a shiga kwami, kuma wani ruwan tsaminsa ya yi yawa, ba na kurkure baki da shaƙawa a hanci ba ne.

Salla kuwa, daga Fukuoka zuwa Beppu ya haura kilomita 100, ya wuce mil 48 da aka gindaya wa ƙasaru, zamanku kuma bai kai kwana huɗu ba, don haka ku yi ƙasaru. Wani zai ce ai Khalil, mai littafin Muhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya cire mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wargi daga masu yin ƙasaru. Haka ne, amma misalin da masu sharhi ke bayarwa na wargi shi ne farauta don nishaɗi kawai. Ɗalibin da ya sha karatu ya fita hutawa da ganin halittar Allah, a fahimtata, tafiyarsa ta halas ce. In jirgin ƙasa zai cinye muku lokaci, ku haɗa Azahar da La'asar. Beppu na da masallaci, saboda ɗaliban ƙasashen waje da ke jami'ar APU ta garin, in Juma'a ta riske ku can ku neme shi.

Abinci: kifi da duk abin da ke cikin teku halas ne, haka ƙwai da shinkafa da ganyaye. Ka yi hattara da naman alade, da romon taliyar ramen na yankinku wanda da ƙashin alade ake dafa shi, da nau'o'in giyar shinkafa da suke kira sake da mirin, waɗanda sukan zuba a miya. A unguwar Kannawa ana dafa abinci da tururin ƙasa, ka zaɓi ƙwai da dankali da jatan lande a kwando mai tsabta wanda ba a haɗa da nama ba. Hadisin Jabir ɗin nan da ya hana shiga hammam ba gyauto, a ruwayar Tirmizi ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya. Abincin dare a masaukansu kuwa da wuya a rasa kwalba, sai ka roƙi abokanka ku ci tare tukuna, in za su sha ka tashi.

Za ka ga ƙananan wuraren bauta masu jajayen ƙofofi da gumaka a gefen wasu maɓuɓɓugan. Wucewa da kallo ba laifi, amma ban da rusunawa, tafa hannu ko jefa kuɗi. In wata rana tafiya ta kai ka Owakudani a Hakone, inda ake sayar da baƙin ƙwai da aka dafa a ruwan farar wuta ana cewa kowane ɗaya na ƙara shekara 7, ka ci ƙwanka da bismilla, ajali dai yana inda aka rubuta shi. Gargaɗin hukuma kuma ku ɗauke shi da gaske. A watan Satumba na 2014 dutsen Ontake ya yi aman wuta da tsakar rana masu hawa na kansa, mutum 58 suka mutu, wasu 5 suka ɓace. In aka killace wuri ko aka ce iskar na cutar da mai asma, kada son hoto ya sa ɗayanku ya tsallake igiya.

Wallahu a'alam.