Na hana Baba zuwa jana'izar amininsa lokacin korona, shin na yi kuskure?

Tambaya: Likita, a azumin 2020, lokacin da aka kulle Kano, aminin mahaifina ya rasu. Baba yana da shekara 74 a lokacin, ga ciwon suga, sai na hana shi fita. Maƙwabcinmu sa'ansa ya je, ya dawo lafiya lau. Bara Allah ya yi wa Baba rasuwa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina tuna mini ba. Abin yana ci mini rai.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, ka fara cire maƙwabcin nan daga lissafi. Wanda ya tsallaka titi ido a rufe ya isa lafiya, sa'a ya taka. Hukuncin da ka yanke ana auna shi ne da abin da ka sani a ranar, kuma a ranar mu likitoci ma lalube muke yi.

Ka tuna yadda garin yake. A ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano, kafin wata ya ƙare Shugaba Buhari ya sanar da kulle jihar na mako biyu. A makonnin nan masu haƙar kabari suka riƙa cewa ba su taɓa ganin yawan gawa haka ba, akasari dattawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi kan mutuwar mutum 979 ya nuna rabinsu ko fiye suna iya kasancewa da nasaba da cutar. Babu riga-kafi, sai a Maris 2021 kashin farko ya iso Najeriya. Dattijo mai suga kuwa shi ne ainihin wanda cutar ta fi kayarwa.

Abin da ya sa lissafin ya yi wuya shi ne, mutum yana iya yaɗa korona kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara tari ko zazzaɓi. Wanda zai miƙo wa Baba hannu ya ce "ya ƙarin haƙuri", shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba. Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda mu ma'aikatan lafiya muka cika rainawa: zumunci na da nauyi. Mutumin da kuka yi shekara hamsin kuna zama a dakali ɗaya, a ce an kai shi makwanci ba ka nan, ciwo ne na gaske, ko da babu na'urar da ke auna shi. Haka nan mai tura baro a Kantin Kwari da aka ce ya zauna a gida, yunwa ta fi masa kusa da cutar. Doka ɗaya aka yi wa kowa, amma haɗarin kowa daban ne.

Wasu za su ce ai kwana idan ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne. Amma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da aka ce masa ƙaddarar Allah yake gudu, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Da ni ka tuntuɓa a lokacin, da ban tsaya a kan "ya je ko kada ya je" ba. Jana'iza kashi-kashi ce. Sallar gawa a fili ake yinta, iska na kaɗawa, minti biyar an sallame. Inda haɗarin yake shi ne motar da za a cunkusu zuwa maƙabarta, da zaman makoki a zaure mai taga ɗaya, ana musabaha, ana zagayawa da moɗa guda, har kwana uku. Da sai in ce ka kai shi da kanka, da takunkumi a fuska, ya tsaya a gefen sahu, ana sallamewa ku juyo, ta'aziyyar kuma ya yi ta waya. Wannan ma da sauran haɗari, sai dai kaɗan ne. Amma yau nake faɗin haka, bayan an fahimci cewa ɗakin da iska ba ta shiga ya fi komai yaɗa cutar. A Afrilun 2020, ni kaina hana tawa mahaifiyar fita na yi.