Amsoshin Tambayoyinku: Mu nawa ne, kuma daga ina wannan jama'a ta fito?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga batun yawan jama'a, kuma galibinsu daga Kebbi da Zamfara suka fito. Na zaɓi uku daga ciki, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko daga wani dattijo ce, tsohon malamin firamare a Argungu: "Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haihu sau goma sha ɗaya, mai ɗakina ta haihu sau takwas, babbar 'yata kuwa tana da biyar, kuma tana cewa sun ishe ta. A ganina haihuwa raguwa take yi. To amma gonakin da muka noma muna yara duk sun zama unguwanni, ajin da na koyar da yara arba'in a cikinsa yanzu ya haura ɗari. Idan haihuwa na raguwa, daga ina wannan jama'a take fitowa?"

Wa alaikumus salam, Baba. Abubuwa biyun da ka lura da su duk gaskiya ne, kuma ɗaya bai ƙaryata ɗaya ba. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55.6, ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, ta 2006 kuma miliyan 140.4, sannan ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mun haura miliyan 220 a 2023. Jiharku ma haka ta tafi. An cire Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a watan Agustan 1991, aka yi ƙidaya a Nuwamban shekarar aka samu mutum miliyan 2.07, da aka sake ƙirgawa a 2006 sai aka samu miliyan 3.26. Wato cikin ƙasa da shekara 15 an samu ƙarin mutum fiye da miliyan ɗaya, kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace shekara, kuma duk al'ummar da ke ƙaruwa a haka takan ninka kanta cikin shekara 23 ko kusa da haka.

Raguwar haihuwar ma a rubuce take. Binciken lafiya da yawan jama'a da ake gudanarwa a faɗin ƙasa lokaci zuwa lokaci ya nuna cewa a 1990 macen Najeriya takan haifi 'ya'ya 6.0 a matsakaicin lissafi, a 2008 ya koma 5.7, a 2018 ya sauko 5.3, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 4.8. Sai dai saukar ba ɗaya ba ce a ko'ina, domin a binciken 2018 Arewa maso Yamma tana kan 6.6, alhali Kudu maso Yamma tana kan 3.9, Legas kuwa 3.4.

Bari in mayar maka da tambaya, Baba, tare da neman afuwa idan na taɓo tsohon miki: cikin sha ɗayan da mahaifiyarku ta haifa, nawa ne suka rayu har suka yi aure? A zamanin nan agana da ƙyanda da sanƙarau da gudawa sukan shiga gari su kwashe yara kafin a yaye su, har mace ta yi ta wabi, a riƙa sa wa abin da ta haifa suna Ajuji ko Ayashe ko Barmani da fatan ya tsaya. An kawar da agana daga duniya baki ɗaya, aka tabbatar da hakan a 1980, allurar rigakafi da ruwan gishiri da sukari da gidan sauro kuma sun rage barnar sauran. A 2003, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Najeriya 201 ba sa kai shekara biyar. A 2018 adadin ya koma 132, a binciken 2023 zuwa 2024 kuma 110. Yawan jama'a ba ya bin yawan waɗanda aka haifa, yana bin yawan waɗanda suka rayu har su ma suka haihu, saboda haka mai 'ya'ya biyar da duk suka girma tana iya barin zuriyar da ta fi ta mai sha ɗaya da ta binne bakwai.

Dalili na biyu shi ne masu haihuwar kansu sun yi yawa. Fiye da mutum huɗu cikin kowane goma a ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, kusan rabinmu kuma ba su wuce 18 ba. Mata 100 masu haihuwar bakwai-bakwai za su kawo yara 700, amma mata 200 masu haihuwar biyar-biyar za su kawo 1,000. Yaran da suka cika tsohon ajinka su ne iyayen gobe, don haka ko da haihuwa ta ci gaba da sauka, jama'a za ta yi shekaru masu yawa tana ƙaruwa, kuma shi ya sa hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai mu sama da miliyan 350 nan da 2050.

Akwai wani adadi da ba zan iya wuce shi ba tunda daga Kebbi ka rubuto. Binciken 2018 ya nuna Kebbi ce kan gaba a duk ƙasar wajen mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da 252 cikin 1,000, wato yaro ɗaya cikin huɗu. Jihar da ke da fadamar da ke ciyar da ƙasa da shinkafa bai kamata a ce ita ce ta riƙe wannan matsayi ba, kuma a wurina wannan ya fi batun yawan haihuwa gaggawa. Uwar da ba ta da tabbacin goyonta zai rayu ba za ta saurari mai ce mata ta huta ba, kuma ba ni ganin laifinta.

Gonakin da ka ce sun zama unguwanni kuwa, ƙasa ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba shi gado sau biyu ko uku, har ya zama 'yan fegi da ba sa ciyar da gida zuwa wata kaka, an daina barin saura ta huta, an shiga burtali da garma, cin rani da a da ake dawowa daga gare shi da faɗuwar ruwan farko ya zama zaman dindindin a Legas ko Abuja ko Birnin Kebbi. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 mazauna birane ba su kai ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasa ba, yau sun haura rabi.

Tambaya ta biyu daga wata malamar Islamiyya ce a Jega: "Duk lokacin da aka tayar da maganar yawan jama'a, ƙarshenta sai a ce mu rage haihuwa. Mu dai mun san bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Anya wannan ba shirin Turawa ba ne na rage yawan Musulmi?"

Malama, zargin nan yana da inda ya samo asali, kuma ba daidai ba ne a mayar da masu yin sa jahilai. Manufar ƙasa ta farko kan yawan jama'a ta fito ne a 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, tana ba da shawarar kada mace ta wuce 'ya'ya huɗu, a daidai lokacin da talaka ke ɗanɗana kuɗarsa da tsarin tsuke bakin aljihu da aka karɓo daga bankunan waje. Bayan haka ga gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996, wanda ɗacinsa yana cikin abin da ya sa Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Amma ya kamata a sani cewa babu wata doka a Najeriya da ta ƙayyade wa kowa adadin haihuwa. Manufar 1988 da wadda ta gaje ta a 2004 da wadda aka ƙaddamar a 2022 duk shawarwari ne.

Hukuncin shari'a a kan hanyoyin tazarar haihuwa na malamai ne, ke kuma kin fi ni kusa da su. Abin da zan ƙara shi ne abin da iyayenmu mata suka sani tun kafin a buɗe asibiti a ƙasar nan, cewa kwanika tana cutar da na goye da na ciki da uwar kanta, shi ya sa a da mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, a kuma bar yaro ya sha nono har ya yi ƙwari. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa, binciken lafiya kuma yana ta maimaita cewa yaron da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan wansa ko yayarsa ya fi shiga hatsarin mutuwa. Haka nan binciken 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a kan gwiwa ko ta dalilin ciki cikin kowace haihuwa 100,000. Mace ta samu hutu tsakanin goyo da goyo don ta rayu ta rene su, ban ga yadda wannan zai rage yawan Musulmi ba.

Abin da ya fi kowane magani tasiri a kan haihuwa ma aikinku ne na malamai. A wannan binciken dai, macen da ba ta yi karatun zamani ba takan haifi 6.7, wadda ta wuce sakandare kuma 3.4, ba tare da wani ya tilasta mata ba, kuma 'ya'yanta sun fi rayuwa. Jama'a rahama ce, na yarda da hakan har zuciyata, amma ƙasar da yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, ba ta riƙe wannan rahama yadda ya kamata ba.

Tambaya ta uku daga wani matashi ce a Gusau: "Shekarata 19, ban taɓa ganin mai ƙidaya ya shigo gidanmu ba. Wa ya ƙirga mu har ake cewa mun haura miliyan 200, kuma me ya hana a sake ƙidaya?"

Ƙanena, babu wanda ya ƙirga ka. Ƙidaya ta ƙarshe an yi ta ne a watan Maris na 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, duk adadin da kake ji bayanta ƙiyasi ne, ana ɗaukar na 2006 a ɗora masa ƙaruwar da ake tsammani kowace shekara. Da irin wannan lissafi ne ake cewa Zamfara, wadda aka samu mutum miliyan 3.28 a cikinta a 2006, ta haura miliyan 5 yanzu. Bisa ƙa'idar shekara goma-goma a 2016 ya kamata a sake, ba a yi ba. Aka tsayar da watan Mayun 2023, aka horar da ma'aikata, aka tanadi na'urori, sai gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ana saura 'yan kwanaki.

Kuɗi na cikin dalilan, amma babban dalilin shi ne a ƙasar nan ƙidaya rabon arziki ce da rabon mulki. Yawan jama'a na cikin ma'aunan da ake raba wa jihohi kuɗin asusun tarayya da su, da shi kuma ake yanka mazaɓu, saboda haka kowane yanki yana kallon adadin ɗan'uwansa da idon zargi. An soke ƙidayar 1962 saboda rigima, ta 1963 sai da gwamnatin Jihar Gabas ta kai ƙara kotu, ta 1973 da ta ba da miliyan 79.8 kuma Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975. Ta 2006 an cire tambayar addini da ta ƙabila don a zauna lafiya, duk da haka Legas ta ƙi amincewa da miliyan 9.1 da aka ba ta, ganin an ba Kano miliyan 9.4, ta ce nata lissafin ya ba ta miliyan 17.5. Ko a nan gida akwai abin dubawa, domin a 2006 Zamfara ta ɗan ɗara Kebbi yawan mutane, amma tana da ƙananan hukumomi 14 da kujeru 7 a Majalisar Wakilai, Kebbi kuwa tana da 21 da kujeru 8.

Abin da ya fi damuna game da jiharku shi ne ƙiyasi yana ɗauka kowa na nan inda aka bar shi a 2006, alhali Zamfara ta yau ba ita ce ta wancan lokaci ba. Fiye da shekara goma na hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a yankunan Maru da Zurmi da Shinkafi da Tsafe da Anka, mutanensu sun kwararo Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara, suna zaune a kangaye da gidajen dangi, wasu dubbai kuma sun tsallaka Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wanda zai tsara ajujuwa ko gadajen asibiti ko ruwan famfo a Gusau da adadin 2006 zai yi tanadi ne don garin da babu shi. Ƙidayar Najeriya kuma takan ƙirga mutum ne a inda aka same shi ranar ƙidaya, don haka ƙauyen da ya watse zai fito babu kowa, wanda ma'aikata suka ji tsoron shiga shi ma zai iya fitowa haka, kuma a kan wannan adadi za a yi rabon shekaru masu zuwa. Tun yanzu ya kamata sarakuna da 'yan majalisar Zamfara su nemi Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fayyace musu yadda za ta ƙirga 'yan gudun hijira, da yadda za ta rubuta garin da kowannensu ya baro.

Kafin nan akwai abin da ke hannunka. Hukumar ce ke yin rajistar haihuwa, tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi da manyan asibitoci, amma binciken 2018 ya nuna yara 43 ne kawai cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Ka duba ƙannenka da 'ya'yan yayyenka, duk wanda ba shi da takardar haihuwa ka sa a kai shi a rubuta sunansa.