Dole sai manomi ya yi NIN da BVN?

Malam ka tambaya ko sai da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) da BVN (lambar tantancewa ta banki) ake samun tallafin noma, eh wallahi ka je ka yi. Ka tuna GES, shirin tallafin taki na gwamnatin tarayya na 2012, lokacin Adesina na ministan noma, saƙo ake turo wa manomi a waya ya je ya karɓi taki, wanda bai yi rajista ba haka ya zura ido, bashin noma na Anchor Borrowers ma, na Babban Bankin Najeriya, da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 sai da BVN ake samunsa a lokacin. Amma ka tabbatar sunanka iri ɗaya ne a duka biyun, kuma layin wayar naka ne ba na ɗanka ba. Kar ka ba kowa lambarka ta NIN ko BVN, da ita ake karɓe taki da sunan mutum.