Ƙanina, kafin ka tura wa ejan ɗin nan kuɗi

Wa alaikumus salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce shekararka 19, ka gama sakandare, kana da gudu sosai har kana cin gasar tsere a makarantarku, kuma tunda ka fara kallon bidiyon NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a waya ranka ya biya ka zo Amurka ka buga ƙwallon nan tasu ta hular kwano, a matsayin ɗan baya mai tare masu karɓar ƙwallo. Sannan wai akwai wani ejan da ya ce ka turo kuɗi zai samo maka sikolaship. To bari mu fara da ejan ɗin, kar ka tura masa ko sisi. Jami'a in tana son ɗan wasa kocinta ne ke nemansa da kansa, ba a sayen gurbin.

Nan Indiyana da nake zaune akwai mutumin da har yau in ka ambaci sunansa sai ka ga fuskar mutane ta saki, Tony Dungy, kuma gurbin da kake so ɗin nan shi ya buga, shi yasa zan baka labarinsa. An haife shi 1955 a garin Jackson na jihar Michigan, iyayensa duka malaman makaranta ne. A jami'ar Minnesota shi ne kwatabak, wato mai jefa ƙwallon, jagoran tawaga kenan, kuma ya yi suna sosai amma da aka zo zaɓen sabbin ƴan wasa a 1977 babu ƙungiyar da ta kira sunansa, ko ɗaya. Lokacin kuma ba a cika yarda a ba baƙar fata wannan gurbin ba, wannan ma wani zance ne daban. Pittsburgh Steelers suka ɗauke shi daga baya suka maida shi sefti, ɗan baya. A kakar 1978 ya cafke ƙwallon abokan hamayya sau 6, ya fi kowa a ƙungiyar, suka ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL. Kai da jin haka sai ka ce ai shikenan ya samu duniya ko? Shekara na zagayowa suka musanya shi zuwa San Francisco 49ers, 1980 aka sake tura shi New York Giants, su kuma tun kafin a fara kaka suka sallame shi. Kaka uku kacal ya buga. Yana ɗan shekara 24 wasa ya ƙare.

Kuma kar ka ɗauka rashin sa'a ce tashi shi kaɗai, matsakaicin daɗewar ɗan wasa a NFL bai wuce shekara uku da ɗan wani abu ba, gwiwa ta tafi ko kafaɗa ko bugun kai, ko kawai wani yaro da ya fi ka gudu ya zo. Cikin masu bugawa a jami'o'i kuwa ko biyu cikin ɗari ba sa kaiwa NFL, kuma waɗannan yara ne da tun suna firamare suke sanye da hular.

Abin da ya riƙe Dungy kansa ne, ba ƙafarsa ba. Ya koma jami'ar Minnesota yana koyar da ƴan baya, 1981 tsohon kocinsa Chuck Noll ya kira shi Steelers mataimaki, 1984 ya zama shugaban ɓangaren tsaro gaba ɗaya yana ɗan 28, yana ba waɗanda suka girme shi umarni. Daga nan Kansas City, daga nan Minnesota Vikings, ana ta kiransa intabiyu ana hana shi babban koci har sai 1996 da Tampa Bay ta bashi, ƙungiyar da ta shafe shekara goma sha tana shan kashi. Ya gyara ta tsaf, tsarin tsaron da ake kira Tampa 2 can ya yi suna, amma duk da haka farkon 2002 suka kore shi, kuma abin haushin kaka mai zuwa da yaran da ya gina wani kocin ya ɗau kofi. Indianapolis Colts ta nan Indiyana suka ɗauke shi, Fabrairun 2007 suka doke Chicago Bears 29 da 17, ya zama baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl yana babban koci. Ya ajiye aiki farkon 2009. Lissafa da kanka, wasa shekara uku, koyarwa kusan talatin. Kuma mutum ne da ba ya ihu ba ya zagi a bakin fili, abin da ya sa ni dai yake burge ni kenan.

Zaka ce min ai Christian Okoye daga Enugu ya zo bai san wasan ba. Gaskiya ne, amma da jifan faifai ya samu shiga jami'ar Azusa Pacific, yana can yana karatu ya fara ƙwallon yana ɗan 23, kuma shi ƙato ne da ake miƙa wa ƙwallo ya ture mutane, a 1989 yana buga wa Kansas City ya fi kowa a NFL yadi a gudu da ƙwallo, shekarar da Dungy ya je can ma kenan. Haka yaran da shirin NFL na ƴan ƙasashen waje ke ɗauka daga Najeriya ta hannun tsohon ɗan wasa Osi Umenyiora, duba su da kyau, yawanci dogaye ne majiya ƙarfi na layin gaba, saboda girman jiki ba a koyar dashi amma sauran ana iya koya. Ɗan baya kuwa gudu kaɗai ba ya isa, da baya da baya zaka riƙa gudu idonka na kan ƙugun wanda kake tsaro, ka juya cikin ƙiftawar ido, ka karanci abin da kwatabak ke shirin yi tun bai yi ba. Nnamdi Asomugha da ya yi suna a wannan gurbin kafin ya yi ritaya iyayensa ne ƴan Najeriya, shi a nan aka haife shi a nan ya taso.

Ni a ganina tserenka ne jarinka. Jami'o'in nan suna ba da sikolaship na guje-guje kuma ƴan Najeriya da dama ta nan suka shigo, amma lokaci suke so a rubuce, na gasar da hukuma ta sani da agogon lantarki, ba na wani abokinka da ya danna waya ba. Ka haɗa sakamakon WAEC ɗinka mai kyau, ka yi rijista da cibiyar tantancewa ta NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kai da kanka ka rubuta wa kocin tsere imel da bidiyonka. In makaranta ta karɓe ka ita zata baka takardar I-20 da zaka nemi bizar ɗalibai ta F-1 da ita, kuma dokar biza tana yawan canzawa don haka ka duba shafin ofishin jakadanci kafin ka kashe ko naira. In ka shigo kana karatu kana tsere, kana iya neman a bar ka ka je gwajin tawagar ƙwallon.

Turo min lokacinka na mita 100 da 200 da sunan gasar da ka yi su, da makin lissafi da turanci, sai mu ga wane mataki na jami'a ya dace ka nema. Ka gaida su Baba.