Amsa ga ƙanenmu da aka ba aikin lab a sakandare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, don maganar ta fi ƙarfin rubutu.

Ƙanena da ka yi tambaya jiya, ka ce ka gama ND ɗinka na SLT, wato fasahar aikin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi, an ba ka aikin lab a wata sakandare, amma abokanka suna cewa wankin kwalabe ne kawai. To wanki kam akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Amma bari in gaya maka abin da shekara 14 a ɗakin nan ta nuna min.

Ka ɗauki firatikal ɗin kemistiri na WAEC. Kafin ranar, takardar sirri za ta iso makaranta, a ce ga abin da za a tanadar wa kowane ɗalibi: bututan gilashi na auna ruwa, wato buret mai cin 50 cm³ da fifet mai cin 20 ko 25, sannan ruwan asid da na alkali, sau da yawa 150 cm³ kowanne. Yanzu lissafa, in kana da yara 120, lita 18 ke nan na asid, lita 18 na ɗayan. Kuma dole a haɗa shi a mazubi guda, a lokaci guda, a gauraya sosai. In ka haɗa rabi yau rabi gobe, yaron da ke wancan benci zai samu lamba daban da na wannan benci, alhali da lambar da malamin kemistiri ya samu ya aika za a auna su duka. Yaro ya yi komai daidai, kalar metil orenj, sinadarin da ke nuna asid da alkali sun daidaita, ta juya a inda ya kamata, amma ya rasa maki saboda hannunka. Ba zai taɓa sani ba. Iyayensa ma ba za su sani ba. Wannan abin shi ke hana ni barci duk watan Mayu.

Sannan sodiyom haidiroksaid, wanda ake haɗa ruwan alkali da shi, ka san halinsa. Kana buɗe kwalba ya fara shan danshin iska, kafin ka gama awo ya fara narkewa a kan sikeli. Don haka kada ka yarda da abin da sikeli ya ce kawai, bayan ka haɗa ka gwada da kanka sau uku.

Ruwa kuma, ƙanena, nan ne wahalarmu take. Ruwan burtsatse ba ya aikin nan. Ɗiga masa silba naitiret ka gani, in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, to akwai kulorayid a ciki. Injin tace ruwa yana son wuta, wutar kuwa ka san yadda take. Na sha kwana a lab ina jiran a kawo ta. Wasu suna sayen ruwan batir a kasuwa, to in za ka saya ka sa masa litmos tukuna, don wani akwai asid a ciki.

Maganar tsaro ba na wasa da ita. Asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ba ruwa cikin asid ba. Kuma kada ka bar yaro ya zuƙi fifet da baki. A wata makaranta da na fara aiki, wata yarinya ta zuƙo alkali har bakinta, babu famfo mai aiki a ɗakin, da ruwan butar alwalata muka yi ta kuskure mata baki. Allah Ya tsare abin ya zo da sauƙi, amma tun ranar, ko shugaban makaranta zai ji haushina, ba na buɗe lab sai da bokitin ruwa cike da na yashi a bakin ƙofa. Ranar da ka kama aiki, fara duba sito. In akwai sodiyom, ƙarfen nan mai kama wuta in ya taɓa ruwa, ka tabbata kananzir ya rufe shi. Kwalbar da ba rubutu a jikinta, kada ka shinshina, ware ta gefe.

Hunturu ƙura za ta cika maka madubin maikiroskof, damina kuma fumfuna ta ci gilashin, saboda haka rufe su, kuma kada a goge da gefen riga.

Albashi ba yawa, gaskiya, kuma ranar rabon kyaututtuka da wuya a kira sunanka. Wannan yana min ciwo har yau. Amma ni na ce ka karɓa. Ka yi rajista da NISLT, hukumarmu ke nan, hedikwatarta tana Ibadan, sannan ka nemi HND kana aiki. Kuma ka buɗe littafi tun ranar farko, duk abin da ya shigo ko ya fashe ka rubuta da kwanan wata.

In kana gari ranar Asabar, zo ka same ni bayan la'asar, ina da asid da zan haɗa wa 'yan aji uku. Ka taho da farar rigarka da takalmi rufaffe.